TAZARAR SHUKA DA ZAƁEN IRI A NOMAN WAKEN SOYA



GABATARWA

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da waken soya. To, bari in fara da kawo hanzarina. Shekarun baya wani ofishin aikin gona ya kawo mini wata 'yar takarda ta Turanci don in juya ta zuwa Hausa a raba wa manoma. Da na zo kan maganar shuka sai na rubuta cewa a sami iri mai kyau, a shuka shi a kan kunyoyi masu tazarar santimita 75. Aka buga takarda, aka raba. Da damina ta faɗi, wani yayana da ke noma a ƙauyenmu ya bi takardar nan sau da ƙafa. Ya sayi iri mai tsabta a kasuwa, ya shuka bisa kunyoyinsa, ya yi noma har sau uku. Na je cikin watan Satumba na tarar da wake gajere ya riga ya fara nuna, tsakanin kunya da kunya kuwa ƙasa a buɗe, sai ciyawa. Abin da ya girba bai biya wahalarsa ba.

Laifin kuwa har da nawa. Kalmar nan "iri" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, watau ƙwayar da ake binnewa a ƙasa, da kuma jinsin da ƙwayar ta fito daga cikinsa. Takardar asali tana magana ne a kan jinsi mai daɗewa a gona, mai yawan rassa. Ni na bar kalmar a dunƙule, shi kuwa ya sayo jinsi mai saurin nuna, ya ba shi filin da ba zai iya cikewa ba. Tun daga ranar nake bibiyar wannan al'amari wajen masana aikin gona da cikin rubuce-rubucensu. Abin da na fahimta shi ne na zo in gabatar yau, kuma a taƙaice ga shi: zaɓen iri da zaɓen tazara shawara ɗaya ce, wanda ya yanke ɗaya bai san ɗayar ba, rabin aiki ya yi.

ZUWAN WAKEN SOYA ƘASARMU

Asalin waken soya daga ƙasar Sin ne, inda aka yi dubban shekaru ana noma shi. Darajarsa tana cikin ƙwayarsa, domin kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne, kimanin kashi 20 kuma mai ne. A Nijeriya an fara gwada shi a 1908 a gonar gwaji ta Moor da ke Ibadan, amma bai yi ba. Sai a 1937 aka kawo wani jinsi da ake kira Malayan, wanda ya karɓi ƙasar Binuwai, Tibi suka rungume shi, har ya zama amfanin da ake fitarwa waje. Daga baya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da jinsunan da ake kira Samsoy a shekarun 1980. Cibiyar nan ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, watau IITA, wadda aka kafa a 1967, ita kuma ta fito da jerin jinsunan da sunansu ke farawa da TGx, tare da haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja.

Yau ana noman waken soya a Binuwai da Kaduna da Neja da Kano da Katsina da sauransu. Mata suna yin awara da madara da daddawa da shi, kamfanoni suna tatsar mai, tunkuzarsa kuma ita ce ginshiƙin abincin kajin gidan gona. Amma ga inda gizo ke saƙa. Abin da manominmu ke samu a hekta ɗaya, in an yi matsakaicin lissafi, bai wuce kimanin tan ɗaya ba, alhali a Birazil da Amurka ana samun fiye da tan 3. Dalilan wannan rata suna da yawa, akwai taki, akwai injuna, akwai bashi. Amma guda biyu daga cikinsu, watau iri da tazara, ba sa bukatar kuɗin ƙasar waje, sani kawai suke bukata.

ABIN DA SHUKA KE NEMA

Kafin mu yi maganar santimita, ya kamata mu san abin da ake nema da tazara. Ganye shi ne madafar shuka. Da hasken rana yake haɗa iska da ruwa ya mai da su abinci, abincin nan kuma shi ke zama kara da kwanso da ƙwaya. Saboda haka duk hasken da ya wuce ganye ya faɗi a ƙasa, asara ce ga wake, riba ce ga ciyawa.

Masana sun daɗe da tabbatar da wannan. A 1939 wani masani na Jami'ar Cornell mai suna Wiggans ya nuna cewa gwargwadon yadda aka rarraba shuka daidai wa daida cikin fili, gwargwadon yadda amfani ke ƙaruwa. A 1966 kuma Shibles da Weber, a Jihar Ayowa ta Amurka, suka auna hasken da ganye ke tarewa, suka tarar cewa nauyin abin da gona ke tarawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan hasken da aka tare, kuma layuka matsattsu sun fi saurin rufe ƙasa. Akwai kuma lokacin da rufewar ta fi muhimmanci, watau daga fara fure zuwa cikar ƙwaya cikin kwanso, domin a wannan tsakanin ne shuka ke ƙayyade yawan 'ya'yan da za ta riƙe da waɗanda za ta zubar.

To, jama'a, ga ma'aunin da kowa zai iya riƙewa ko da bai yi karatun kimiyya ba. Idan wake ya cika fure ya fara ɗaura kwanso, mutum ya tsaya a bakin gona da tsakar rana ya duba tsakanin layuka. In ganye ya haɗe ba ya ganin ƙasa, tazararsa ta dace da irinsa. In kuwa yana hangen ƙasa tun daga wannan gefe har wancan, to, ya yi wa irin faɗin da ya fi ƙarfinsa.

HALIN IRI DA TSAWON YINI

Me ya sa wani iri ke cike fili wani ya kasa? Amsar tana cikin wani hali na waken soya da Garner da Allard suka bayyana a Amurka a 1920, sa'ad da suke gwaji da taba da waken soya. Sun gano cewa waɗannan tsirrai suna auna tsawon yini da dare, kuma waken soya yana yin fure ne idan yini ya gajarta ya kai wani haddi. Kowane jinsi da nasa haddin.

A lokacin da nake karatu a can, na ga gonakin waken soya iyakar ganin ido, wake har ƙugu. A Ayowa yinin watan Yuni yana wuce awa 15, don haka shuka tana samun makonni tana ƙara tsawo da ganye kafin ta yi fure. A Kano kuwa yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba. Idan aka ɗauko jinsin can aka shuka a nan, sai ya ɗauka kaka ta gabato, ya yi fure tun yana ɗan ƙarami, ya tsaya gajere. Wannan matsala ce ta daɗe tana hana noman waken soya a ƙasashe masu zafi. Mutanen Birazil sun yi maganinta ta hanyar hukumarsu ta bincike, Embrapa, wadda aka kafa a 1973, inda suka samar da jinsuna masu jinkirin fure ko da yini gajere ne. Da wannan suka kai noman waken cikin dazuzzukan tsakiyar ƙasarsu, har yau sun zarce Amurka wajen yawan abin da ake girba.

Jinsunan da ke hannun manomanmu an zaɓe su ne don yanayinmu, amma su ma ba ɗaya suke ba. Ga misali biyu. TGx 1448-2E, wanda ya yaɗu tun shekarun 1990, yana kusan wata huɗu a gona, yana da tsawo da rassa da yalwar ganye. TGx 1835-10E kuwa, wanda aka fitar a 2008, wajen wata uku yake yi, kuma jikinsa bai kai na wancan ba. Akwai matsakaita tsakaninsu, kamar TGx 1951-3F. Na farkon yana da lokacin miƙa rassa ya cike kwarin kunya kafin ya yi fure. Na biyun ba shi da wannan lokaci, don haka dole manomi ya taimake shi da matso layuka kusa da juna. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Halin da iri ya gada ba ya sakewa don an ba shi fili.

Sa'an nan tsawon damina shi ke fara zaɓar wa manomi iri. A Makurɗi ko Kafanchan, inda ruwa ke kaiwa watan Oktoba, jinsi mai daɗewa yana da lokacin cika ƙwaya. A arewacin Kano ko Katsina, inda akan shuka a farkon Yuli ruwa kuma ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, mai daɗewa zai iya cika gona da ganye sa'an nan ruwa ya yanke masa kafin ƙwaya ta cika. A nan mai saurin nuna ya fi aminci. Kun ga ke nan gwargwadon yadda aka yi arewa, gwargwadon yadda ake bukatar iri mai sauri, gwargwadon kuma yadda ya kamata layuka su matsu.

KUNYA DA GARMA

Yanzu sai mu tambaya, ina aka samo faɗin layin da muke amfani da shi? A Amurka ta dā akan bar kusan mita ɗaya tsakanin layuka, dalili kuwa shi ne doki ya sami hanyar wucewa da garmar noma. Da tarakta da maganin ciyawa suka zo sai aka rage zuwa santimita 76, wasu suka koma 38, wasu ma har 19. Mu ma a nan haka abin yake. Faɗin kunyarmu garmar shanu ce ta yanka shi, kuma an yi shi ne don dawa da auduga da gyaɗa da masara. Waken soya baƙo ne da ya zo ya tarar da ɗaki a gine, aka ce ya shiga.

Shawarar da masanan IITA suka bai wa manoman arewacin Nijeriya ita ce, a bar santimita 75 tsakanin layuka da santimita 10 tsakanin ramuka, a sa ƙwaya 3 zuwa 4 a kowane rami. Ko kuwa a ja layi a zuba iri a jere, ƙwaya ɗaya kowane santimita 5, layukan kuma su kasance da tazarar 50 zuwa 75. Ga jinsi mai saurin nuna kuwa, sun ce a yi 50 tsakanin layuka, da 5 zuwa 10 cikin layi. Zurfin rami kada ya wuce santimita 5.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin lissafin shi ke nuna girman abin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, watau kimanin eka biyu da rabi. In aka yi 75 da 5, za a sami tsiro kimanin 266,000. In aka yi 50 da 5, za a sami 400,000. In kuwa aka yi 75 da 10 aka bar tsiro ɗaya ɗaya, an koma 133,000. Manomin da ya saba da shukar wakenmu na gida, yana sara da sungumi taku bayan taku, zai iya ƙarewa da abin da bai kai ko wannan ba. Idan muka ɗauka nauyin ƙwaya 100 giram 14 ne, tsiro 400,000 na bukatar kilo 56 na iri, ban da wanda ba zai tsira ba. Wannan ya sa ake cewa a tanadi kilo 50 zuwa 70 ga kowace hekta.

Mai garmar shanu zai ce, to, ni yaya zan yi, kunyata ba ta raguwa? Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya zaɓi jinsi mai rassa in daminar wurinsu ta yarda, ya cika layin sosai. Ko ya baje ƙasa ya shuka a shimfiɗe, in gonar ba mai kwanciyar ruwa ba ce. Ko kuwa ya yi layi biyu a kan kunya ɗaya, ɗaya ta wannan kafaɗa ɗaya ta waccan.

INDA MATSI BA YA BIYA

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce a cunkushe gona. Matsi yana da nasa haddi. Na farko, ganye mai yawa ruwa mai yawa yake sha. Wani masani mai suna Taylor ya ba da rahoto a 1980 cewa a gwajinsa na Ayowa layuka matsattsu sun yi fice a shekarar da ruwa ya wadata, amma a shekarun ƙarancin ruwa babu wani bambancin kirki. Na biyu, jinsi mai tsawo in aka matse shi sai ya yi ta miƙewa neman haske, karansa ya sirance, iska ta kwantar da shi, kwanso ya ruɓe a ƙasa. Na uku, inda ganye ya yi duhu iska ba ta ratsawa, laima tana daɗewa, cututtukan ganye kuwa laima suke so. Na huɗu, ƙarin tsiro ƙarin kuɗin iri ne, kuma waken soya yana da halin cike gurbi da rassa, don haka akwai inda ake kaiwa ƙarin iri ya daina ƙara buhu.

A ɗaya gefen kuma, matsin da ya dace yana da ribar da ba a cika lissafawa ba. Gonar da ta rufe da wuri tana danne ciyawa, sai a yi noman farko da maimai a huta. Tana kāre ƙasa daga dukan ruwan sama. Kuma shukar da ke da maƙwabta kusa takan ɗaga kwansonta na ƙasa sama kaɗan, abin da ke rage asara wajen girbi.

SAURAN ABIN DUBAWA GA IRI

Ban da kwanakin nuna, akwai halaye uku da mai zaɓen iri zai tambaya. Na ɗaya, cutar tsatsa, wadda ta bayyana a Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1990, tana sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja ya kakkaɓe tun ƙwaya ba ta cika ba. TGx 1448-2E yana kamuwa da ita, TGx 1835-10E kuwa an fitar da shi ne musamman don yana jure mata. Na biyu, fashewar kwanso. Tsofaffin jinsuna irin su Malayan, da iskar hunturu ta busa sai kwanso ya tsage ƙwaya ta watse, mai gona yana can yana fama da girbin dawa. TGx 1448-2E ya yi suna wajen riƙe ƙwayarsa. Kun ga kowane iri da inda ya fi da inda aka fi shi.

Na uku, 'yan ƙullutan da ke fitowa a saiwa. Cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya masu jawo naitirojin daga iska, watau sinadarin da muke saye cikin takin yuriya. Jinsunan Amurka ba sa ƙulla abota da bakteriyar ƙasarmu sai an shafa wa iri tasu ta musamman. Masanan IITA sun haɗa su aure da jinsunan Asiya masu karɓar bakteriyar gida, daga nan aka sami TGx. Duk da haka shafa wa iri garin bakteriya, irin su NoduMax, da sa takin supa lokacin shuka, suna taimaka wa ganye ya bunƙasa. Wannan ma yana komawa kan maganarmu, domin shukar da ke jin yunwa ba ta rufe ƙasa ko da tazararta daidai ce. Haka nan irin waken soya ba ya jimirin ajiya cikin zafi da laima. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a binne a jiƙaƙƙen yashi, bayan mako ɗaya a ƙirga abin da ya tsira. In ya gaza 80 sai a ƙara yawan iri, in ya yi ƙasa ƙwarai a sake wani.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ga 'yan'uwana ma'aikatan hukuma, musamman masu sayen iri da raba shi, ina da roƙo uku. Kada a raba buhun da ba a rubuta sunan jinsi da kwanakin nunarsa a jiki ba, da Hausa, da boko da ajami. Kada a sayo jinsi ɗaya a raba wa jiha tun daga kudancinta har arewacinta, alhali daminarsu ba ɗaya ba ce. Kuma iri ya isa hannun manomi kafin tsakiyar Yuni, domin wanda ya makara da shuka wakensa gajere zai tsaya, in ma dole ta sa aka makara, to, a gaya masa ya ƙara matse layi.

Ga ɗalibai, musamman na Hausa da za su shiga gidajen rediyo da ofisoshin fassara, ku ɗauki darasi daga kuskurena. Ku raba "iri" da "jinsi" duk inda ruɗani zai shiga. Ku kuma tuna manomi ba ya yawo da abin awo a aljihu. Santimita 5 kimanin faɗin yatsu uku ne, 50 kamu ɗaya ne da ɗan ƙari, 75 kuwa wajen kamu ɗaya da rabi. Wanda ya ce "a shuka kusa-kusa" bai faɗi kome ba, domin kusan mai dawa dabam, kusan mai albasa dabam.

KAMMALAWA

Malam Shugaba, na fara da gonar yayana, bari in rufe da ita. Shekarar da ta biyo, mun raba gonar gida biyu, iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya. Rabi muka bar shi yadda ya saba, rabi muka yi layi biyu a kan kowace kunya. Ban yi masa wani dogon bayani ba. Ranar da wake ya cika fure ya tsaya a kan iyaka ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce, "Malam, ashe rana muke ba ciyawa." Gani ya kori ji. Irin wannan gwaji ba ya bukatar kasafin kuɗi, kuma kowane malamin gona zai iya yin sa a kowace gunduma, da kowane sabon jinsi da aka kawo masa.

Saboda haka duk wanda aka tambaye shi tazarar waken soya, kafin ya amsa ya fara tambaya: wane jinsi ne, kwana nawa yake yi, a wane gari, kuma yaushe za a shuka? In ya sami waɗannan amsoshi, santimita ba za ta yi masa wuya ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.